Annobar Mashaƙo: A Daina Ɗora Wa Iyaye Laifi Su Kaɗai

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina a kan annobar mashaƙo da ta addabi jihohinmu na Arewa tun daga ƙarshen shekarar 2022, musamman a kan yadda hukumomi suke bayyana musabbabinta. Ni tsohon ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, kuma a ƙananan asibitocin ƙaramar hukuma na yi aiki har na yi ritaya. Kusan duk lokacin da aka tambayi wani jami'i dalilin ɓarkewar wannan cuta, amsar da yake bayarwa ɗaya ce, wato iyaye ba sa kai 'ya'yansu riga-kafi. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma idan aka tsaya a kanta kaɗai, an bar jaki ana dukan taiki, domin ba kasafai ake tambayar abin da uwa take tararwa ba idan ta goya jaririnta ta tafi asibitin.

Zan fara da bayanin cutar, saboda har yanzu akwai masu ɗaukar ta a matsayin ciwon maƙogwaro irin na lokacin sanyi. Ƙwayar bakteriya ce take haddasa mashaƙo, ana ɗaukar ta ta hanyar tari da atishawa da cuɗanya ta kusa, kuma alamunta sukan bayyana cikin kwana 2 zuwa 5. Yaro yakan fara da zazzaɓi marar tsanani da ciwon maƙogwaro, sannan wata fata mai kauri, mai launin toka, ta shimfiɗu a maƙoshinsa, wuya ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Babban haɗarin yana cikin dafin da ƙwayar take fitarwa, wanda yake bin jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi, shi ya sa ake samun yaron da aka ga kamar ya murmure har ya fara cin abinci, sai bayan mako biyu ko uku zuciyarsa ta gaza. Magunguna irin su fenisilin suna kashe ƙwayar, amma ba sa karya dafin. Abin da yake karya shi wata allura ce ta musamman da ake haɗawa daga jinin doki, kamfanoni ƙalilan ne suke yin ta a duniya, kuma dafin da bai riga ya kama naman jiki ba kaɗai take iya tarewa. Saboda haka duk kwanan da aka yi a gida ana jiran sauƙi, asara ce da ba ta dawowa.

Alƙaluman hukumar NCDC mai kula da cututtuka masu yaɗuwa sun nuna cewa zuwa watan Maris na 2025 an tabbatar da kamuwar sama da mutum 25,000, kuma sama da 1,300 sun rasu. Jihar Kano ce ta ɗauki kaso mafi girma nesa ba kusa ba, sai Yobe da Katsina da Bauchi da Borno da sauran maƙwabta. Mafi yawan waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma mafi yawansu ba su kammala riga-kafi ba. Waɗannan su ne waɗanda suka isa hannun hukuma aka rubuta su. Wanda ya san ƙauye ya san cewa ana binne yaro kafin azahar ba tare da wani ya rubuta abin da ya kashe shi ba. Ban manta kuma da cewa lokacin da cutar ta shiga makarantar King's College ta Legas a farkon 2025, har ta yi sanadin rasuwar ɗalibi guda, cikin 'yan kwanaki aka yi wa ɗaliban makarantar riga-kafi, jaridun ƙasa suka cika da labarin. Abin da aka yi a can daidai ne, Allah Ya jiƙan yaron, sai dai na yi fatan da irin wannan hanzarin aka yi wa yaran unguwannin bayan garin Kano shekara biyu kafin nan.

Mashaƙo ba baƙuwar cuta ba ce, kuma riga-kafinta ya kai shekara ɗari a duniya, domin tun a shekarun 1920 aka samar da shi. Inda duk ta dawo da ƙarfi, idan aka duba, tsarin lafiya na yau da kullum ne ya rushe. Ta dawo a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet a shekarun 1990, inda sama da mutum 150,000 suka kamu bayan wargajewar ƙasar. Ta ɓulla a Yaman a 2017 a tsakiyar yaƙi, ta kuma ɓulla a sansanonin 'yan gudun hijirar Rohingya a Bangladash a 2017 ɗin. Kano ba ta cikin yaƙi a 2022, gwamnatinta ba ta rushe ba, kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau suna ci kamar kullum. To me ya sa cutar da ake gani a fagen fama ta sami wurin zama a babban birnin kasuwancin Arewa? Wannan ita ce tambayar da ya kamata hukumomi su amsa.

Ba za su ce ba su sani ba. A 2017 hukumar NPHCDA mai kula da lafiya a matakin farko ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan riga-kafin yara, bayan wani binciken gida-gida ya nuna cewa kashi 33 cikin ɗari ne kawai na yaran Nijeriya suka karɓi allura ta uku ta fenta, wato allurar cinya mai kariya daga cututtuka biyar, waɗanda suka haɗa da mashaƙo da tarin shiƙa da tetanas da ciwon hanta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya sake nuna cewa kashi 31 cikin ɗari ne suka kammala muhimman alluran jarirai, kuma a jihar Sakkwato adadin bai wuce kashi 5 ba, alhali a Anambara ya kai 76. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na shekarun baya-bayan nan ya ce akwai yara sama da miliyan 2 a ƙasar nan da ko allurar fenta ta farko ba su samu ba. Jariran da aka tsallake a 2012 da 2015 da 2017 su ne suka girma suka zama 'yan firamare da 'yan makarantar allo da cutar ta tarar a 2023.

Masu ɗora wa iyaye laifi sukan kawo tarihin ƙin ɗigon shan-inna a matsayin hujja, saboda haka bari mu duba tarihin da adalci. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau da ta hallaka sama da mutum 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, inda 11 suka rasu, wasu kuma suka nakasa. Kamfanin ya musanta cewa maganinsa ne sanadi, amma a 2009 ya amince da biyan dala miliyan 75 domin sasanta ƙarar da gwamnatin Kano ta shigar. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa ɗigon shan-inna yana ɗauke da abin da yake hana haihuwa, mutanen da suka ga abin da ya faru a 1996 ba su buƙaci dogon lallashi ba kafin su yarda. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon har zuwa watan Yuli na 2004, lokacin da aka kawo wanda aka yi a Indunusiya. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma dakatarwar ta yi ɓarna, domin cutar ta tsallaka daga nan zuwa ƙasashe kusan 20. Amma tsoron yana da tushe, kuma wanda ya kira shi jahilci zalla bai yi wa mutanen Kano adalci ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa da maganata. Waɗannan iyayen da ake cewa ba sa jin kira, su ne suka buɗe ƙofofinsu bayan an bi hanyar da ta dace. An kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya a 2009 bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin, malamai suka yi bayani a masallatai, waɗanda shan-inna ta nakasa suka riƙa zagayawa a kan kekunansu suna nuna wa iyaye abin da ake gudu. Mata masu ɗigon sun ci gaba da shiga gidaje ko bayan da 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano a watan Fabrairu na 2013. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta kama a Nijeriya an same shi a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita. Al'ummar da ta yi wannan ba za a ce ba ta karɓar riga-kafi ba.

Sai dai nasarar ta bar mana wani tabo da ba a son ambata. Shekara da shekaru ana bin gida-gida ana ɗiga wa yaro magani a baki, ana shafa masa tawada a ɗan yatsa, ana rubuta lamba da alli a jikin bango, har iyaye da yawa suka ɗauka cewa riga-kafin ke nan gaba ɗaya. Na sha tambayar uwa ko an yi wa ɗanta riga-kafi, ta amsa da gaskiyarta cewa ai babu zagayen da ya wuce shi, alhali ko allurar cinya ɗaya ba a taɓa yi masa ba. Ba ƙarya take yi ba, mu ne ba mu bambance mata ba. Ɗigon baki kowa yana iya bayarwa bayan horon yini guda, amma fenta allura ce, tana buƙatar ƙwararren ma'aikaci da sirinji da sanyi, kuma sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. A lokutan zagayen kuwa, ma'aikatan asibitin da ya kamata su yi wannan allura sukan kulle ɗaki su fita aikin kamfe, domin a can ne ake biyan alawus a kan lokaci. Ban zarge su ba, mutumin da albashinsa yake makara dole ya bi inda zai samu na cefane.

Akwai kuma tambayar da magidanta suke yi mana a ƙofar gida, wadda har na bar aiki ban sami gamsasshiyar amsarta ba. Sukan ce: me ya sa kuke biyo mu har gida da maganin cutar da ba mu gani ba, kyauta, amma idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaron muka kawo shi wurinku, sai ku rubuta mana takarda ku ce mu je kemis? Mutumin da ya yi wannan tambaya yana da hankali, yana auna abin da ya gani ne. Duk lokacin da aka mayar da uwa gida hannu rabbana a ranar da take da buƙata, an rage yardar da za ta ba mu a ranar da mu muke da buƙatarta.

Bari in bayyana yadda ranar riga-kafi take kasancewa a ƙaramin asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, domin masu tsara manufofi su ji. A wurare da yawa rana ɗaya ce a mako. Idan asibitin ba shi da firij mai amfani da hasken rana, ko yana da shi ya lalace ba a gyara ba, ma'aikaci zai hau babur da sassafe ya tafi hedikwatar ƙaramar hukuma ya ɗauko maganin a cikin akwatin ƙanƙara, sau da yawa da kuɗin man da ya fito daga aljihunsa. Kafin ya dawo, mata sun yi awa biyu ko uku a kan benci, wasu sun tafi domin girkin rana yana jiransu. Shi ne mai rajista, shi ne mai allura, shi ne mai duba marasa lafiya, wani lokaci ma shi ne mai shara. Allurar ƙyanda da ta tarin fuka suna zuwa ne a kwalba mai ɗaukar yara da yawa, kuma idan aka haɗa su dole a zubar da ragowar bayan awa 6, saboda haka ma'aikacin da yake tsoron a tuhume shi da ɓarna yakan ce wa uwar da ta zo ita kaɗai ta dawo mako mai zuwa, duk da cewa ƙa'ida ta ce a buɗe ko don yaro guda. Matar da ta biya kuɗin babur, ta nemi izinin maigida, ta bar sana'arta, aka ce mata ta dawo, ba lallai ta dawo ba. A takarda za a rubuta ta cikin masu ƙin riga-kafi.

Akwai wani abu na al'adarmu da jadawalin bai yi la'akari da shi ba. Mafi yawan matanmu a gida suke haihuwa. Binciken 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma waɗanda suke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Jaririn da aka haifa a ɗaki ba shi da kati, ba a yi masa alluran ranar haihuwa ba, babu wanda ya gaya wa uwarsa ranar dawowa. Sannan mako shida da ake fara fenta ya yi daidai da cikar arba'in, lokacin da mai jego take gama wanka, take shirin komawa ɗakinta idan a gidan iyayenta ta yi, take kuma yawon arba'in gidajen dangi. A wannan tsakanin ne yara da yawa suke ɓace mana, domin asibitin garin iyayenta yana ganin ba tasa ba ce, na garin mijinta kuma bai san an haihu ba. Amma babu jaririn da ake haifa a ƙasar Hausa ba tare da ungozoma da wanzami da liman da mai unguwa sun sani ba, tunda rana ta bakwai sai an raɗa suna. An taɓa gwada wannan hanya a masarautar Kano, inda masu unguwanni suke rubuta sunayen jarirai su miƙa wa asibiti, a ƙarƙashin yarjejeniyar da gwamnatin jihar ta ƙulla da gidauniyar Dangote da ta Bill Gates fiye da shekara goma da suka wuce. Hanya ce mai kyau kuma mai arha, amma tana buƙatar wanda zai riƙa duba littafin duk wata, ya kuma biya mai unguwa ɗan abin sufuri.

Iyaye ma suna da nasu kason, kuma a nan maza nake nufi. Akwai magidancin da yake hana a koma allura ta biyu saboda ta farko ta sa jariri zazzaɓi da kuka ya hana shi barci. Zazzaɓin gaskiya ne, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma da ma'aikaci ya yi bayani tun farko, aka ba uwa farasitamol na yara kyauta, da an rage wannan matsala ƙwarai. Amma magidancin da yake iya raka matarsa biki a wani gari ya kamata ya iya ba ta kuɗin babur sau biyar ko shida a cikin shekara guda da 'yan watanni, wanda shi ne duk abin da jadawalin yake nema daga haihuwa zuwa allurar ƙyanda ta biyu a wata na 15.

Wani ciwon da ya fi wannan muni shi ne na alƙaluman ƙarya. Shekaru da dama rahotannin da suke tashi daga asibitoci zuwa ƙananan hukumomi zuwa jihohi suna nuna cewa an yi wa kusan dukkan yara riga-kafi, alhali binciken gida-gida yana nuna ɗaya cikin uku. Dalili a fili yake: idan ma'aikaci ya kawo adadi na gaskiya, faɗa ake yi masa a gaban takwarorinsa, idan ya cike takarda kuma a yaba masa. Shugaban da yake hukunta mai gaskiya shi ne ya koyar da ƙaryar, kuma da wannan takardar ake lissafin yawan maganin da za a aiko da wuraren da suke buƙatar ɗauki.

Maganar kuɗi kuwa, alkawura ba su yi mana ƙaranci ba. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan ba, yawanci tana yawo ne a wajen kashi 4 zuwa 6. Wasu jihohi sukan rubuta adadi mai kyau a kasafi, amma rubutawa daban, sakin kuɗin daban. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara sanya shi. Tsarin yana da kyau, domin yana aika kuɗi kai tsaye zuwa asusun asibiti guda a kowace mazaɓa duk bayan wata uku, kuma kwamitin ci gaban mazaɓa yana da ta cewa a kan yadda za a kashe. Matsalar ita ce mutanen mazaɓar da yawa ba su san da kuɗin ba, balle su tambayi inda ya shiga. Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda aka naɗa ministan lafiya a 2023, ya taɓa shugabantar NPHCDA, saboda haka ya san wannan lungu da saƙo, kuma ba shi da uzurin rashin sani. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shugabanninsu ma ya kamata su fara amsa tambaya a kan asibitocin da suke ƙarƙashinsu.

'Yan siyasarmu suna son gini, saboda gini ana yanka masa kirtani a ɗauki hoto. Za ka ga sabon asibiti da fenti da allon sunan ɗan majalisa, ka leƙa ciki ka tarar babu ungozoma, babu ruwa, babu firij. Abin da yake sa allura ta shiga cinyar jariri shi ne albashin ma'aikaci da man babur da gyaran firij, waɗanda babu mai buɗe su da biki. Waɗanda suka yi aiki a zamanin marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, suna tuna cewa ƙarfinsa ya tafi ne a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa, kuma a wajen 1990 adadin riga-kafin yara da aka ruwaito ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari, kafin ya zube a shekarun da suka biyo baya. A yau kwalejojin kimiyyar lafiya suna yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu suna aikin sa-kai a asibitocin gwamnati ba albashi, suna jiran ranar da za a ɗauke su, alhali tsofaffi irina suna ritaya ba a maye gurbinsu.

Ko da an gyara na jarirai, akwai giɓin manyan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa bayan allurai uku na farko a ƙara wasu uku na ƙarfafawa, ɗaya a shekara ta biyu, ɗaya tsakanin shekara 4 zuwa 7, ɗaya kuma tsakanin 9 zuwa 15, domin kariyar tana raguwa da tafiyar lokaci. Jadawalin da muka daɗe muna bi ya tsaya ne a kan ukun farko. Riga-kafin gaggawa da aka yi a Kano da maƙwabtanta a 2023 ya taimaka, amma na lokaci guda ne. Ya kamata a mayar da duba kati da cike giɓi wani ɓangare na shiga aji ɗaya na firamare da Islamiyya, ba domin a kori wanda ba shi da shi ba, sai domin a yi masa a nan take. Makarantun allo sun fi kowa buƙata, saboda almajirai suna kwana da yawa a ɗaki guda, iyayensu suna nesa, kuma babu wanda ya san abin da aka yi musu suna jarirai. Alarammomi ba za su ƙi ba idan aka je musu ta hannun shugabanninsu da girmamawa.

Haka kuma ya kamata a jawo wanzamai da masu kemis a jiki, domin su ne farkon waɗanda ake kai wa yaro mai ciwon wuya. Idan yaro ya kasa haɗiya, abin da ake fara cewa a gidaje da yawa shi ne beli ne ya sauko, a kira wanzami ya cire. Yanka a maƙoshin da mashaƙo ya kama yana jawo zubar jini, yana ɓata kwanakin da allurar karya dafi za ta yi amfani, kuma askar tana iya kai cutar gida na gaba. Wanzamai suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu. A nuna musu hoton wannan fata mai launin toka, a gaya musu inda za su tura yaro. Sannan a tabbatar akwai allurar a manyan asibitocin shiyya, ba a Asibitin Murtala da Asibitin Zana kaɗai ba, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta taimaka wajen jinyar dubban yara a lokacin da annobar ta yi tsanani.

Cutar ba ta tsaya a kan iyaka ba. A 2023 ta ɓulla a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, musamman a yankin Matamaye, wanda hanya ɗaya ce ta haɗa shi da Daura ta Kongolam. A lokacin an rufe iyakar a hukumance sakamakon juyin mulkin 26 ga Yuli, amma aure da kasuwa da karatun allo ba su tsaya ba. Duk saɓanin da yake tsakanin Abuja da Yamai, jami'an lafiyar Katsina da Jigawa da na Damagaram da Maraɗi suna buƙatar su riƙa musayar labari, su kuma daidaita ranakun riga-kafinsu.

Babban kason kuɗin sayen alluran da muke amfani da su ya daɗe yana fitowa daga ƙungiyar Gavi mai tallafa wa ƙasashe da alluran riga-kafi da sauran masu ba da tallafi, kuma an tsara Nijeriya za ta ɗauki nauyin kanta nan da 'yan shekaru. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙetare, ta kuma rushe hukumar USAID. Gwamnonin da suka saba jiran baƙi su biya kuɗin man fita ƙauyuka su sani cewa wannan ƙofa tana rufewa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta wuce buga sanarwar ma'aikatu. Ka tura wakilanka ba tare da sanarwa ba zuwa asibitocin mazaɓu a Ungogo da Dawakin Tofa da Potiskum da Funtuwa a ranar da ba ta riga-kafi ba, su tambaya ko za a yi wa jariri allura a yau, su buɗe firij su gani, su ƙirga ma'aikatan da suka tarar a bakin aiki, su kuma tambayi nawa ne a cikinsu suke karɓar albashi. Ka nemi hukumomin lafiya na jihohi su ba ka jerin asibitocin da suke karɓar kuɗin asusun matakin farko da adadin da kowanne ya karɓa a bana, ka buga shi da Hausa mazaɓa-mazaɓa. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, shafi biyu na jaridarka zai ɗauke su.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin lafiya na matakin farko,
Kano.